Makaranta da Ofiyom a Duwatsun Arewacin Tailan

Arewacin Tailan ƙasa ce ta duwatsu da kwaruruka, wadda ta yi iyaka da Bama ta yamma da arewa, da Lawos ta gabas. A cikin kwari, bakin koguna, 'yan ƙabilar Tai ne ke zaune, suna noman shinkafar fadama, suna bin addinin Buda, kuma su ne masu manyan garuruwa irin su Chiang Mai da Chiang Rai. Can sama kuwa, inda hanya ke ƙarewa, akwai wasu al'ummu waɗanda harshensu da suturarsu da addininsu duk dabam suke da na mutanen kwari. Hukuma ta haɗa su a jaka ɗaya tana kiransu mutanen dutse, ko da yake su ba su taɓa ɗaukar kansu jama'a ɗaya ba. Manyan cikinsu su ne Karen, Hmong, Lahu, Akha, Mien da Lisu. Jimillarsu ta kai wajen miliyan ɗaya, kuma Karen kaɗai sun kusa rabi. Tarihin karatun 'ya'yansu a ɗaure yake da tarihin ofiyom, domin ofiyom da tsoron kwaminisanci ne suka fara jawo hukuma ta hau dutsen, makaranta kuwa tana cikin kayan da ta hau da su.

Karen sun yi ɗaruruwan shekaru a wannan yanki. Sauran kuwa daga baya suka zo, daga kudancin Sin ta cikin Bama da Lawos, akasari tsakanin ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, wasu gudun yaƙi ya koro su, wasu neman sabuwar gona. Nomansu na sassabe ne: a sare daji, a bar shi ya bushe, a cinna masa wuta, a shuka shinkafar tudu da masara a cikin tokar. Karen kan bar gona ta zama saura na shekaru, sannan su dawo mata. Hmong da Lisu kuwa a da sukan noma wuri har ƙasa ta gaji, sai ƙauye ya tashi gaba ɗaya. Yaro yana koyon duk abin da zai rayu da shi a gindin iyaye da dattawa. A wurin Akha, namiji kan haddace sunayen kakanninsa ɗaya bayan ɗaya har fiye da hamsin, akwai kuma masu haddar dogayen waƙoƙin ibada da ake karantawa a jana'iza. Mien suna da littattafan addini da haruffan Sinanci, malamansu na koya wa yara maza. Galibin sauran ba su da rubutu, kuma abin yana damunsu tun fil azal, har ya shiga tatsuniyoyinsu. Akha sukan ce an ba kakanninsu rubutu a kan fatar ɓauna, yunwa ta sa suka cinye ta a hanya, shi ya sa iliminsu yake ciki ba a takarda ba. Karen su ma suna da labarin littafin da ya ɓace musu. Mutanen da ke ba da irin wannan labari ba za a ce ba su san darajar karatu ba.

Ofiyom ba abin gado ba ne a duwatsun nan. Ƙaro ne da ake samu daga ƙwallon wata shuka mai fure da ake kira fofi, kuma cinikinsa ya bunƙasa a gabashin Asiya ne ta hannun 'yan kasuwar Birtaniya, waɗanda suka riƙa kai na Indiya ƙasar Sin, har aka gwabza yaƙi biyu a kansa, na farko daga 1839 zuwa 1842, na biyu daga 1856 zuwa 1860. Da mashaya suka yi yawa a Sin, sai manoman duwatsun kudancin ƙasar suka shiga nomansa, waɗanda suka yi ƙaura kudu kuma suka tafi da irin. Ita masarautar Siyam, wato Tailan ta yau, tun a tsakiyar ƙarni na 19 ta halatta sayar da shi ga Sinawa mazauna ƙasar tana karɓar haraji, daga baya ta riƙe cinikin a hannunta, da gidajen shansa masu lasisi. Akwai shekarun da kuɗin ofiyom suka kusa kashi ɗaya cikin biyar na abin da ke shiga baitulmali. Wannan abu ne da ya kamata a riƙa tunawa duk lokacin da aka ɗora wa mutanen dutse laifin ƙwaya: kasuwar ta riga su, kuma hukuma ce ta fara cin ribarta.

Abin ya sauya girma bayan 1949. Da 'yan kwaminis suka kama mulki a Sin, ragowar sojojin gwamnatin da aka kayar, ta jam'iyyar Kuomintang, suka tsallako jihar Shan ta Bama. Sin ta murƙushe noman fofi a cikin ƙasarta, Iran ita ma ta hana a 1955, sai kasuwar duniya ta juyo kan wannan kusurwa inda Bama da Lawos da Tailan suka haɗu. Sojojin nan suka zama fatake masu bindiga, suna raka ayarin alfadarai ɗauke da ofiyom zuwa iyakar Tailan, kuma a shekarun 1950 shugaban 'yan sandan ƙasar da kansa, Janar Phao Siyanon, yana cikin masu cin gajiyar cinikin. Da aka kore su daga Bama a 1961, wani ɓangarensu ya sauka a dutsen Mae Salong a lardin Chiang Rai.

Ga manomin dutse, dalilin noman fofi a fili yake. Shukar tana son sanyi da tudu mai tsayin mita dubu ko fiye, inda sauran amfanin kasuwa ba sa yi. Ana shuka ta a ƙarshen damina, wajen Satumba da Oktoba, a girbe daga Disamba zuwa Fabrairu. Idan furen ya zube, sai a bi ƙwallayen ɗaya bayan ɗaya a tsattsaga da 'yar wuƙa, farin ruwa ya tsattsafo, ya kwana ya yi duhu, da safe a kankare. Aiki ne mai cin hannu, saboda haka mata da yara duk suna gona a lokacin girbi. Abin da aka tara ba ya ruɓewa, ba shi da nauyi, kuma mai saye har gida yake zuwa, a ƙasar da babu titi. Shi ne kuɗi, shi ne kuma magani: da shi ake kwantar da gudawa da tari da ciwon jiki, tun da babu asibiti. Amma riba ta gaske tana hannun fatake. Su ke ba da gishiri da yadi da kananzir bashi kafin girbi, su kuma ke yanka farashi bayan girbi. Karen, waɗanda galibinsu ba sa nomansa, da yawa sun zama 'yan ƙwadago a gonakin wasu ana biyansu da ofiyom ɗin kansa, har jikinsu ya saba. Magidancin da ya kamu yakan kasa noma, gida ya faɗa yunwa, ɗawainiya ta koma kan mata da 'ya'ya.

A 1959 gwamnatin soja ta Sarit Thanarat ta haramta sha da sayar da ofiyom, aka tara lofofin shansa aka ƙone a babban filin Sanam Luang na Bankok. A shekarar ce kuma aka kafa kwamitin kula da jin daɗin mutanen dutse, daga baya aka buɗe cibiyar bincike a kansu a Chiang Mai a 1965. Amma makaranta ta riga waɗannan duka isa. Rundunar 'yan sandan sintirin iyaka, wadda aka kafa a farkon shekarun 1950 da taimakon Amurka, ta lura cewa ba ta iya magana da mutanen da aka ce ta sa wa ido. Sai ta fara buɗe azuzuwa. Makarantarta ta farko ta buɗe a 1956 a gundumar Chiang Khong ta lardin Chiang Rai. Mutanen ƙauye ke kafa rumfar gora da ciyawa, ɗan sanda cikin kakinsa ya zama malami. Yana koyar da harshen Tai da lissafi da taken ƙasa, yana rataye hoton sarki a bango, yana raba maganin zazzaɓi, kuma yana aika rahoto kan wanda ya shigo da wanda ya fita. Gaskiya biyu ne a nan, kuma duka sai an faɗe su. Makarantar kayan tsaro ce, an kafa ta don yaro ya zama Batai mai biyayya, ba a tambayi iyayensa abin da suke so a koya masa ba. Amma kuma a ƙauyuka masu yawa wannan ɗan sanda shi ne mutum na farko da ya ɗora wa yaro alli a hannu, a lokacin da malaman ma'aikatar ilimi ba sa yarda a tura su can. Mahaifiyar sarkin lokacin, Gimbiya Srinagarindra, ta ɗauki makarantun a wuyanta tun daga shekarun 1960, tana ziyartarsu cikin jirgi mai saukar ungulu, jikarta Gimbiya Sirindhorn kuma ta fara shirin noma don abincin rana a cikinsu a 1980. Har yau akwai irinsu fiye da ɗari biyu a iyakokin ƙasar.

Masu addini su ma sun hau. Daga 1965 gwamnati ta riƙa tura malaman Buda su zauna a ƙauyuka, suna kwaso yara maza zuwa gidajen ibada a birni, musamman Wat Si Soda a Chiang Mai, inda suke karatu kyauta cikin rigar almajiran Buda. 'Yan mishan Kirista sun riga su da nisa, kuma su ne suka ƙirƙira wa harsunan rubutu: na Karen tun shekarun 1830 a Bama, na Lisu a wajen 1915, na Hmong da haruffan boko a Lawos a farkon shekarun 1950. Coci da yawa sun hana mabiyansu shan ofiyom, wasu iyalai ma don su rabu da shi suka karɓi addinin.

Tsoron da hukuma ke yi ya tabbata a ƙarshen 1967, lokacin da faɗa ya ɓarke tsakanin soja da 'yan kwaminis a lardunan Nan da Chiang Rai, daga baya ya bazu zuwa Phetchabun. Soja suka ɗauki Hmong gaba ɗaya a matsayin abokan gaba, aka yi wa ƙauyuka ruwan bama-bamai, aka kwashe dubban mutane zuwa sansanoni a kwari. Da yawa waɗanda ba ruwansu da siyasa sai suka gudu daji suka shiga 'yan tawaye. Ba a samu lafawa ba sai bayan afuwar da gwamnati ta shelanta a 1980.

Ana cikin wannan hali ne, a 1969, Sarki Bhumibol Adulyadej ya ziyarci wani ƙauyen Hmong a dutsen Doi Pui kusa da Chiang Mai. Ya tambayi manoma abin da suke samu, ya gano cewa wani ɗan itacen ƙasar sanyi da suke sayarwa, mai suna fic, ƙanana marasa kyau ma, yana kawo musu kusan abin da ofiyom ke kawowa. Ya ga cewa idan aka yi wa itatuwan aure da iri mai kyau, za su fi fofi riba. Daga nan Shirin Sarki ya samo asali, ƙarƙashin jagorancin Yarima Bhisadej Rajani, da tashar gwaji a Doi Ang Khang, da malaman jami'o'in ƙasar da ƙwararru daga Taiwan. Majalisar Ɗinkin Duniya ta shigo da nata shirin a farkon shekarun 1970, Jamus da Norway da Amurka suka biyo baya. Shekarun farko sun sha faɗuwa. An gwada amfani iri-iri, wasu suka yi kyau a gona suka ruɓe kafin su isa kasuwa, sai aka gane cewa iri kaɗai ba ya isa, dole sai da titi da ɗakin sanyi da mai saye. A hankali kofi, shayi, kabeji, wake, furanni da 'ya'yan itatuwa suka kama.

Abin da ya bambanta Tailan da sauran ƙasashe shi ne jerin da ta bi. Sarkin ya nace kada a sare wa manomi fofi kafin a ba shi abin da zai ci. Saboda haka sai a tsakiyar shekarun 1980, shekara goma sha biyar bayan fara shirin, soja suka fara bi gona-gona suna sarewa. Binciken da aka yi a 1965 zuwa 1966 ya nuna ana noma fofi a kan hekta kusan dubu goma sha takwas, ana samun wajen tan 145. Zuwa shekara ta 2000 filin bai kai hekta dubu ɗaya ba, daga baya ya koma 'yan ɗaruruwa. Shirin Sarki ya sami lambar yabo ta Ramon Magsaysay a 1988, kuma darasin Tailan yana cikin abin da aka gina ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2013 a kai, game da sauya wa manoman ƙwaya sana'a. Nasara ce ta gaske, ko da yake ba kowa ta kai wa ba. Ƙauyukan da ke kusa da tashoshi sun amfana, na nesa kuwa an sare musu fofi ba a kawo musu komai ba. Kabeji ya ci fili da maganin feshi da ruwa fiye da fofi, har rikici ya tashi tsakanin Hmong da manoman kwari a gundumar Chom Thong. Ga kuma dokokin gandun daji, waɗanda suka tsananta bayan hana saran katako a 1989, suka mai da mutane da yawa masu laifi a kan gonakin da suka gada.

Sai dai an kashe maciji ba a sare kansa ba. A tsallaken iyaka fofi yana nan, kuma tun ƙarshen shekarun 1960 ake tace shi ya zama hiroyin, wadda ta fara samun kasuwa a wurin sojojin Amurka da ke yaƙi a Biyetnam. Babban uban cinikin, Khun Sa, yana da sansani a cikin Tailan kanta, a Ban Hin Taek, sai a 1982 soja suka fatattake shi ya koma Bama. Hiroyin ɗin wannan yanki ta zagaya duniya, har wani kaso nata ya riƙa bi ta Legas a hannun 'yan dako masu tasowa daga Bankok, kuma irin wannan safara tana cikin abin da ya sa Nijeriya ta kafa hukumar yaƙi da ƙwaya ta NDLEA a 1989. A ƙauyukan dutse kuwa, da ofiyom ya yi wuya ya yi tsada, sai mashaya suka koma hiroyin mai sauƙin ɓoyewa. Ofiyom a da abin tsofaffi ne, ana shansa a kwance a gida, kowa ya san mai sha. Hiroyin kuwa samari ta kama, daga zuƙa suka koma allura, allura kuma ta kawo cutar ƙanjamau, wadda ta fi yi wa arewacin Tailan ɓarna a farkon shekarun 1990. Ƙauyuka suka cika da marayu da yaran da iyayensu ke kurkuku. Dillalai suka riƙa zagayawa suna ba iyaye kuɗi su tafi da 'yan mata, wai aiki a birni. Don tare wannan hanya ne Sompop Jantraka ya kafa wata cibiya a garin Mae Sai a 1989, yana gano 'yan matan da ke gab da faɗawa hannun dillalai yana sa su makaranta.

Aikin da ya fi kowanne fahimtar cewa noma da magani da karatu abu ɗaya ne shi ne na Doi Tung. Gimbiya Srinagarindra ta fara shi a 1988, tana da shekaru kusan casa'in, a kan dutsen da aka sare dajinsa ƙaf, mai faɗin murabba'in kilomita 150, da ƙauyuka 29 da mutum wajen dubu goma sha ɗaya, galibinsu ba su da takardar zama 'yan ƙasa. Aka tsara shi na shekara talatin. Da farko aka ɗauki mutanen aikin dashen itatuwa ana biyansu kullum, don a sami abin kai wa baki tun kafin sabon amfani ya nuna. Sannan aka kawo kofi da ɗan itacen makadamiya da saƙa da ginin tukwane da takardar hannu. A 1992 aka buɗe wurin jinyar mashaya a ƙauyen Pha Mi, mai tsarin kwana dubu: a cire ƙwayar daga jiki, a koya wa mutum sana'a, a ci gaba da bin sawunsa bayan ya koma gida. Hikimar tsarin ita ce an gane raba mutum da ƙwaya aikin makonni ne, hana shi komawa kuwa aikin shekaru. Makarantun yankin aka gyara musu tsarin koyarwa, aka ba ɗalibai tallafin zuwa jami'a. Gidauniyar Mae Fah Luang, mai riƙe da aikin, ta kuma gina babban gidan tarihin ofiyom kusa da mahaɗar ƙasashen uku, inda ake kai 'yan makaranta su ga yadda abin ya faro. Amma Doi Tung yana da inuwar gidan sarauta da kuɗi da ƙwararru waɗanda sauran duwatsu ba su samu ba.

A wuraren da ba su da wannan gata, abin da ya yi aiki shi ne ƙananan cibiyoyin karatu na sashen ilimin manya, waɗanda aka fara gwadawa a farkon shekarun 1980. Malami ɗaya ko biyu ke zaune a ƙauye, ya koyar da yara da rana, manya da dare, a daidaita lokacin karatu da na gona, kusan yadda aka yi niyya da makarantun 'ya'yan makiyaya a Nijeriya. Daga cikin irin malaman sa-kai da suka hau dutse a shekarun 1970 akwai Tuenjai Deetes, wadda ta zauna da Lisu ta koyi harshensu, ta kafa gidauniya a Chiang Rai a 1986, daga baya ta zama sanata. Ita da ire-irenta ne suka nuna wa ƙasar inda babbar matsalar take, wato takarda.

Lokacin da aka yi rajistar gidaje a shekarun 1950, jami'ai ba su hau dutse ba. Mutanen da aka haifa a cikin ƙasar, iyayensu ma a nan aka haife su, suka wayi gari ba 'yan ko'ina ba. Daga baya aka riƙa raba musu katuna masu launi-launi, waɗanda ke nuna an san da su amma ba 'yan ƙasa ba ne. A lokacin, mai irin wannan kati ba ya fita gundumarsa sai da izini, ba ya mallakar fili, ba ya zaɓe, ba ya aikin gwamnati. Ɗansa ko ya shiga makaranta, sau da yawa ba a ba shi takardar shaidar gamawa. Binciken hukumar UNESCO ya nuna cewa rashin takardar ƙasa shi ne babban abin da ke jefa yarinyar dutse hannun masu safarar mutane. Haka yake ga saurayi da masu safarar ƙwaya: wanda ya san hanyoyin daji, yake jin harsunan tsallaken iyaka, aka kuma rufe masa ƙofar aikin halal, shi dillali ke nema. A 1999 dubban mutanen dutse suka yi zaman dirshan a gaban ofishin lardin Chiang Mai suna neman takarda da haƙƙin gona. A watan Yulin 2005 majalisar ministoci ta yanke cewa kowane yaro da ke cikin ƙasar yana da damar shiga makarantar gwamnati ya karɓi shaidarsa, ko yana da takarda ko ba shi da ita, a 2008 kuma aka gyara doka don a yi wa kowane jariri rajistar haihuwa. A tarihin karatun yaran dutse babu matakin da ya kai waɗannan biyu nauyi.

Kafin nan ƙwayar ta sake sauya kama. Da Khun Sa ya miƙa wuya a 1996, cinikin ya koma hannun wasu rundunoni a jihar Shan, musamman ta Wa, kuma suka karkata ga metamfetamin, 'yan ƙananan ƙwayoyin da ake kira yaba. Wannan ba ta buƙatar gona ko damina, sinadarai kawai ake haɗawa a ɗaki, saboda haka duk dabarar sauya amfanin gona ba ta taɓa ta. Duwatsun da a da suke noma ƙwaya sai suka zama hanyar wucewarta. A watan Fabrairun 2003 Firaminista Thaksin Shinawatra ya shelanta yaƙi da ƙwaya, aka rubuta sunaye a kowace gunduma, cikin wata uku aka kashe mutum fiye da dubu biyu. Kwamitin binciken da aka kafa a 2007 ya gano cewa fiye da rabin waɗanda aka kashe ba su da alaƙa da ƙwaya. Mutanen dutse sun sha wuya ƙwarai a wannan lokaci, kuma zargin bai bar su ba. A watan Maris na 2017 wani soja ya harbe Chaiyaphum Pasae a shingen bincike a gundumar Chiang Dao. Matashi ne ɗan Lahu, ɗan makaranta, wanda aka sani da amfani da kiɗa da fim wajen janye yara daga shaye-shaye da neman wa jama'arsa takarda. Soja suka ce sun sami ƙwaya a motar da yake ciki kuma ya yi yunƙurin jefa musu gurneti, amma ba a taɓa fito da hoton kyamarar shingen ba. A 2023 kotun ƙoli ta umarci rundunar soja ta biya mahaifiyarsa diyya. Irin wannan kisa yana rusa aikin rigakafi na shekaru, domin yaran da suka ga abin da ya sami mai yi musu gargaɗi ba za su ƙara yarda da hukuma cikin sauƙi ba.

Makarantun kansu suna da nasu rauni. Ƙauye yakan sami firamare, amma sakandare tana kwari, saboda haka dubban yara suna zaune a makarantun kwana na gwamnati ko a gidajen kwana na coci da ƙungiyoyin agaji da ke Chiang Mai da Chiang Rai. Wasu gidajen nagari ne, sun fitar da malamai da ma'aikatan jinya da lauyoyi. Wasu ba su da rajista, ana kiransu gidajen marayu don jawo gudummawa alhali iyayen yaran suna raye. A watan Mayun 2016 gobara ta tashi cikin dare a ɗakin kwanan wata makaranta a gundumar Wiang Pa Pao, 'yan mata 17 suka mutu, galibinsu 'ya'yan mutanen dutse, wasu ba su wuce shekara biyar ba. Yaron da aka raba da gida tun yana ƙarami yakan dawo bai iya noma ba, harshensa ya yi rauni, a birni kuma ana yi masa dariyar karin harshe, kuma irin wannan yaro yana cikin waɗanda ƙwaya ta fi saurin kamawa. Ga matsalar harshe tun daga aji ɗaya, inda malami ke magana da Tai, yara kuwa ba sa jin ko kalma. Don haka ƙungiyoyin mutanen dutse, irin su IMPECT, suka matsa a shigar da harshe da al'adunsu cikin manhaja, wasu makarantu a lardin Chiang Mai kuma suka fara koyar da yara karatu da harshen uwa kafin a wuce da su zuwa Tai. Asusun daidaita ilimi da gwamnati ta kafa a 2018 yana ɗaukar nauyin matasan ƙauyukan nesa su yi karatun malanta su koma garuruwansu su koyar.

A shekarar 2018 ɗin ce duniya ta ga matsalar takarda da idonta, lokacin da yara 12 'yan ƙwallo da mai horar da su suka maƙale a kogon Tham Luang na gundumar Mae Sai. Bayan an ceto su sai ta bayyana cewa uku daga cikin yaran da mai horarwar ba su da ƙasa, har da yaron da ya yi magana da Turanci da masu ninƙaya 'yan Birtaniya da suka gano su. Cikin makonni aka ba su takardar da wasu ke shekara goma suna nema. A tsallaken iyaka kuwa juyin mulkin Bama na 2021 ya ƙara dagula al'amura: a shekarar an kama ƙwayoyin yaba fiye da biliyan ɗaya a gabashi da kudu maso gabashin Asiya, farashinsu ya faɗi ƙasa warwas, kuma a 2023 Bama ta zarce Afganistan ta zama ta ɗaya a noman fofi a duniya. A watan Oktoban 2024 majalisar ministocin Tailan ta amince da saukaƙa hanyar ba mutum wajen dubu 480 izinin zama na dindindin ko takardar ɗan ƙasa, cikinsu har da yara fiye da dubu ɗari da aka haifa a ƙasar. Aiwatar da wannan hukunci yana hannun ofisoshin gundumomi, waɗanda a nan ne takardun mutanen dutse suka saba maƙalewa.